Shin Ya Halatta A Sa Wa Ɓera Ciwo Don Neman Magani?

Ya 'yan'uwa, masu binciken ciwon sukari na manya sukan ciyar da ɓera abinci mai kitse, sa'an nan su yi masa allurar streptozotocin kaɗan, ta lalata wasu ƙwayoyin cikinsa masu fitar da insulin. Idan ya kamu, sai su gwada magani a kansa.

To, wani zai ce ai ɓera fasiƙi ne, an halatta kashe shi. Haka ne. Amma izinin kisa daban, azabtarwa daban. Ka tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. A fahimtata, lalura ce kaɗai ta buɗe wannan ƙofa. Idan ɓeraye goma sun isa binciken, ƙara ɗaya zalunci ne. Kuma a wadata su da ruwa, domin ciwon yana sa ƙishirwa ƙwarai. Wallahu a'alamu.