Inda Hannun Iya Ya Tsaya

Da cikin Rabi ya shiga wata bakwai, mijinta ya kawo ta goyon ciki gidan iyayenta a wani ƙauye da ke bayan Jahun, shi kuma ya koma Legas wurin sana'arsa. Cikin fari ne. Ta riƙa zuwa awo, an yi mata allurar rigakafin tetanus, kuma a zuwanta na ƙarshe malamar asibiti ta ba ta ƙwayoyin misoprostol guda 3 da ɗan bututun man cibiya, ta ce mata, "Waɗannan na ko-ta-kwana ne. Amma nan za ki zo ki haihu, kin ji ko?" Rabi ta ce to.

Naƙuda ta fara mata bayan la'asar, ba ta gaya wa kowa ba. An raine ta a kan cewa abin kunya ne mace ta yi raki a haihuwar fari, don haka ta yi ta cije leɓe, har da share tsakar gida. Sai da dare ya raba sannan Inna, mahaifiyarta, ta ji nishi a ɗaki, ta leƙa, ta tarar kai ya riga ya sauko. Maganar mota ta wuce. Aka ruga aka taso Iya ungozoma.

Iya ta tsufa a wannan aiki, kuma tana cikin waɗanda aka taɓa tarawa a asibiti aka yi musu bita. Tana shigowa ta nemi ruwa da sabulu, ta wanke hannu har gwiwa. Jaririya ta faɗo, mace. Iya ta goge ta tas da tsumma mai tsabta, ta kwantar da ita a ƙirjin uwarta fata da fata, ta lulluɓe su da zani. Ta ɗan jira cibiya ta daina harbawa, ta ɗaure da zaren da aka tafasa, ta yanke da sabuwar reza. Sannan ta shafa cikin Rabi, ta tabbatar babu wani ɗan a ciki, ta ba ta ƙwayoyin nan ta haɗiye.

Hajiya, kakar Rabi, ta shigo da kwaryar ruwan ɗumi. "A ba ni ita in wanke. Ke kuma Rabi, a matse wannan dakashin a zubar, ƙazanta ne."

Iya ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wanka sai gobe war haka. Sanyi yana kashe jariri ko da bazara ne. Dakashin nan kuwa shi ne rigakafinta na farko, kuma in ta tsotsa mahaifa za ta tsuke." Hajiya ta ajiye kwarya ranta a ɓace, tana cewa ita ta haifi tara, kowanne a daren aka yi masa wanka. Ba wanda ya tuna mata cewa huɗu ne suka rayu.

Mabiyiya ta fito, amma jini bai tsaya ba. Iya ta sa Rabi ta yi fitsari, ta dinga murza mata mara. Mahaifa takan yi tauri, ana ɗaga hannu ta sake yin laushi. Zani ɗaya ya jiƙe, aka sa na biyu, shi ma ya jiƙe. Iya ta haska mabiyiya da fitila, ta ga gefenta a yage.

"Jinin banza ne, gara ya fita," in ji Hajiya.

Wannan magana ta kai mata da yawa kushewa. Ma'aikatan lafiya suna ɗaukar jinin da ya kai rabin lita bayan haihuwa a matsayin haɗari, wato kimanin ledar fiya wata ɗaya ke nan. Zubar jini bayan haihuwa ita ce ta fi kashe masu jego a duniya, kuma tana iya gamawa da mace lafiyayya cikin awa biyu. In guntun mabiyiya ya maƙale, mahaifa ba ta iya rufe jijiyoyinta, kuma ba jiƙo ko tofi da zai ciro shi.

Iya ta taɓa tafin Rabi ta ji sanyi, ta ga leɓenta ya yi fari. Ta fita zaure wurin Malam, mahaifin Rabi, ta durƙusa daga bakin ƙofa. "Malam, hannuna ya tsaya a nan. Yarinyar nan sai asibiti, yanzu."

Malam ya yi shiru. Ya ce matar aure ce, sai an ji ta bakin mijinta. Aka kira wayar mijin, a kashe. Aka sake kira.

"Malam," in ji Iya, "shekara talatin ina karɓar haihuwa a garin nan, ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙo. In mijinta ya yi fushi, a ce masa ni ce. Fushi ana ba da haƙuri ya wuce."

Malam ya miƙe da kansa ya je ya buga ƙofar wani direba, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar NURTW da suka ɗauki alkawarin kai masu naƙuda asibiti ko da wane lokaci ne. Aka kwantar da Rabi a kujerar baya, aka ɗaga ƙafafunta, Iya na murza mara duk tsawon hanya. Inna ta soka jaririya cikin rigarta. Yayan Rabi ya bi su a babur.

A asibitin Jahun, inda likitocin ƙungiyar MSF suke aiki a sashen haihuwa tun 2008, an sa mata ƙarin ruwa da allurar oxytocin, aka ciro guntun mabiyiyar, aka ce sai an ƙara jini. Na yayanta ya yi daidai. Kafin kiran assalatu Rabi ta buɗe ido ta tambayi 'yarta.

Bayan sun dawo gida, sauran rigimar ƙarama ce. Wata maƙwabciya ta kawo tsumma da kasko za a gasa cibiya, wata ta ce man goge haƙori ya fi saurin cire ta. Iya ta hana, ta nuna wa Inna yadda ake shafa man cibiyar nan, chlorhexidine, sau ɗaya a rana har kwana bakwai, ba a sa komai bayansa. Ta kuma ja kunnensu: in jaririya ta ƙi kama nono, ko jikinta ya yi zafi ko sanyi, ko numfashinta ya yi sauri, ko idonta ya yi ɗorawa, kada a jira ranar suna. Da wanzami ya zo zai cire beli, Hajiya ce da kanta ta tare shi a ƙofa, ta ce aski kawai zai yi, shi ma da sabuwar aska. Ta ga zannuwan daren nan da idonta, ita ta wanke su.

Mijin Rabi ya iso ana gobe suna. Da aka ba shi labari, ya je har gida ya durƙusa ya gaida Iya, ya ce da ya sani da ya bar izini tun ranar da ya kawo ta. Washegari aka raɗa wa yarinya sunan Iya.

Kai maigida da matarka ke da ciki, musamman in kana yawan tafiya: tun yau ka faɗa a gaban iyayenta da naka cewa ka ba da izinin a kai ta asibiti ba sai an neme ka ba. Ka ajiye kuɗin mota a hannun wanda ke kwana a gidan, ka karɓi lambar direba, ka san wanda zai ba da jini. Ke kuma mai ciki, da zarar kin ji ciwon mara da baya yana zuwa yana dawowa, ki faɗa, a kama hanyar asibiti tun ido na ganin ido.