Bututun Kadawa

Ɗalibin da karatu ya raba da ƙasarsu ba ya wasa da ranar Asabar. Kwana biyar yana kai-komo tsakanin aji da ɗakin karatu, ga Ingilishi a bakin malamai shi kuwa da Faransanci ya taso, to da ƙarshen mako ya zo sai ƙafa ta fara ƙaiƙayi. Kano ba ta rabo da irin waɗannan baƙi. Akwai 'yan Maraɗi da Damagaram, akwai na Chadi da Kamaru, wasunsu a Jami'ar Bayero, musamman cibiyarta ta nazarin noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, wadda ke ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen Afirka daban-daban. Idan sun hau Dala, sun zaga Kurmi, sun leƙa Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, sai a fara shawarar fita bayan gari. A yi karo-karo a ɗauki mota, a kama hanyar Zariya, a nufi Tiga.

Da an haye gadar Tamburawa an doshi Kura sai hira ta ragu a cikin motar, kowa ya koma taga. Tsakiyar rani ne, ko'ina ƙasa ta yi fari fat, amma nan kore shar har iyakar ganin ido: alkama, masara, albasa, tumatir. Can Tiga kuma ga uwar abin, madatsar da aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wadda aka tsara ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A nan wayoyi ke fitowa. A tsaya a bakin ruwa, a gyara hula, a ɗauka, a tura gida. A hanyar dawowa akan tsaya Kadawa a sayi tumatir, wani ya nuna wa 'yan'uwa masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a 2016, nan ma a ɗau hoto. Ba kasafai ake lura da wani abu da ke kwance a kan gaɓar kwata, taku kaɗan daga inda motar ta tsaya ba.

Bututun roba ne, lanƙwasasshe, tsawonsa bai fi mita ɗaya da rabi ba, bakinsa tafin hannu ya isa ya rufe shi. Rana ta ci launinsa, laka ta bushe a jikinsa. Baki ɗaya yana nutse cikin ƙaramar kwatar da ke bin gefen gona, gadon bayansa yana kan gaɓa, ɗaya bakin kuma yana cikin gona yana ta aman ruwa. Ba inji, ba fetur, ba wuta, ba mai riƙe da shi. Ɗan Maraɗin da ya san Jiratawa, inda sai famfo ya tashi kafin ruwa ya fito daga rijiyar burtsatse, zai waiga yana neman inda aka ɓoye injin. Wanda ya taso a fadama yana ganin jigo zai nemi mai ja. Duk babu.

Tun daga Tiga gangara ce ke aikin. Masana daga ƙasar Holan ne suka auna ƙasar suka zana hanyoyin, yadda ruwa zai biyo babban kanal ta Ruwan Kanya, ya rabu reshen gabas da na yamma, ya sake rarrabuwa cikin ƙanana, kowace kwata tana ƙasa da wadda ta ba ta, har ya iso gefen gonar mutum a Kura ko Bunkure ko Garun Malam. Hekta 22,000 aka yi wa tanadi a kashin farko, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da ragamar. To amma duk wannan doguwar tafiya tana ƙarewa ne a gaban 'yar gaɓar ƙasa da ba ta kai gwiwa ba. Ruwa na nan, shuka na can, tsakaninsu kamu ɗaya ko biyu. Allah ya halicci ruwa da ɗabi'ar gangarowa, ba ya hawa tudu don ra'ayin kansa. Wannan ɗan tudun ne bututu ke tsallakar da ruwan.

Yadda ake tayar da shi abin kallo ne. Manomi zai naɗe ƙafar wando ya tsuguna, ya cusa bututun gaba ɗayansa cikin ruwa. Kumfa za ta riƙa tasowa, ɓul-ɓul-ɓul, iskar da ke ciki ce ke fita. Ba ya gaggawa, sai kumfar ta ɗauke. Sannan ya toshe baki ɗaya da tafin hannu tun yana ƙarƙashin ruwa, ya ɗago wannan gefen, ya haye gaɓa da shi, ya kwantar cikin gona, ya zare hannu. Ruwa ya ɓalle. Waɗanda hannunsu ya faɗa ma ba sa nutsa shi duka: su tsoma baki ɗaya, su riƙa zungura shi gaba da baya suna buɗe tafi suna rufewa, kafin ka ƙifta ido ya kama, sun wuce na gaba. Baƙo ya ga abin kamar wasa, ya ce a ba shi ya gwada. Ya tsoma, ya ɗago, ɗan ruwa ya tsiyaye, shi ke nan.

"Baba, nawa ya ƙi."

"Ai ba ka bari ya sha ba, ɗana. Mai da shi ya ƙoshi tukuna."

Bayanin malaman kimiyya bai wuce na dattijon da nisa ba. Ruwan da ke cikin bututu dole ya zama a haɗe tun daga wannan baki har wancan. Wanda ke gefen gona yana gangarawa saboda nauyinsa, iskar sararin sama kuma tana danna fuskar ruwan kwata tana tura wani ya maye gurbinsa, haka abin ke ta bin juna. Yana da iyaka, don ba ya iya ɗaga ruwa fiye da wajen mita 10, amma gaɓar gona ina ita ina mita 10. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. 'Ya'yan Musa bin Shakir sun yi aiki da ita a na'urorinsu a Bagadaza tun ƙarni na 9. Sharaɗinta dai bai sauya ba: iska ta sami wurin zama a gadon bayan bututu, igiyar ruwan ta tsinke.

Mutumin da aka tura karatu wata ƙasa, a kan irin wannan gaɓa aka ɗora shi. Akwai abin da ya taru a can, akwai masu jiransa a nan, kuma ba zai tsallako da kansa ba. A 2012 gwamnatin Kano ta tura ɗalibai 501 ƙasashen waje a tashi ɗaya. Kafin su da bayansu 'ya'yan Hausawa sun cika Alƙahira da Madina da Khartum, sun je Indiya da Malesiya da Turkiyya. Kowannensu ya dawo da takarda. Wanda ya dawo da ruwa kuwa, sai an zo gona ake ganewa.

Akwai ɗalibin da zai shekara huɗu a wata ƙasa baki kawai ya tsoma. Da 'yan garinsu yake kwana, da su yake ci, da su yake fita. Ranar Asabar za a gan shi gaban dalar Fir'auna ko Taj Mahal, hoto ya yi kyau, amma bai san yadda mutanen wurin ke gaisawa da surukai ba, bai san nawa ake biyan lebura ba, bai taɓa tambayar abin da ya sa titinsu ba ya cika da ruwa in an yi sama ba. An ce tafiya mabuɗin ilimi, to amma mabuɗi sai an murɗa. Fita yawon buɗe ido ba laifi ba ce, sau da yawa ma ita ce kaɗai damar da ɗalibi ke samu ya ga ƙasar da ba ta cikin allo. Bambancin yana wurin tsayawa. Wani a gaban babban abu yake tsayawa ya juya masa baya don kyamara ta ɗauke su tare. Wani kuma yakan tsuguna kusa da mai aiki ya ɓata wando.

Sai kuma kumfar nan. Bututun da ake cikawa ba ya cika shiru, sai ya yi ta ɓulɓuli, kuma duk abin da ke fita ba komai ba ne face wofin da ke cikinsa. Haka baƙon da ya yarda ya nutse. Zai yi tambayar da yara za su yi masa dariya, zai karya harshen mutane a kasuwa, zai kira alkama shinkafa a gaban manomi. Abin da ya zo da shi daga gida yana zaton ya sani zai riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, da ƙara, a bainar jama'a. Da yawa kunyar wannan ƙarar ce ke sa su ɗago da wuri. Sai su fito jiƙe sharkaf ta waje, kowa ya gani ya ce lallai wannan ya sha ruwa, alhali cikin iska ce.

Ko bututu ya cika maƙil, akwai sharaɗi na biyu, kuma shi ya fi wuya ga ɗan Adam. Bakin da ke zubarwa dole ya kasance ƙasa da fuskar ruwan kwata. A ɗaga shi ya yi daidai da ita, ruwa ya tsaya cak. A ƙara ɗagawa, wanda ke ciki ma ya koma inda ya fito. Gwargwadon yadda aka sauke bakin, gwargwadon ƙarfin zubarsa. Kowa ya san mai digirin da ya dawo gari bakinsa a sama. Ilimin na nan, ba ƙarya ba ne, an gwada shi an ba shi shaida. Amma in ya zauna da manoma Turanci ke zubo masa, in dattijo ya kawo shawara sai ya ce ai a can ba haka ake yi ba. Shekara goma yana gari, ba mai iya nuna abu ɗaya da ya koya a wurinsa. Wani kuma da ƙyar ya kammala, amma ya iya zama a tabarma, ya iya mai da abin da ya karanto cikin maganar da tsohuwa za ta gane, sai ka ga unguwa guda ta canza yadda take ajiye iri ko tace ruwan sha. Malaman zaure sun daɗe da sanin wannan ta ɗaya gefen, shi ya sa almajiri ke zama ƙasa in zai ɗauki karatu. Abin da bututu ya ƙara shi ne, ranar bayarwa ma sai an sauko.

Ɗaya bakin kuma ba a raba shi da kwata. In ruwan kanal ya ja baya har bakin ya fito fili, za a ji wani gurnani, ya zuƙi iska, zuba ta ɗauke. Ruwan ya dawo bayan minti biyar ma ba zai kama da kansa ba, sai an sake nutsa shi tun daga farko. Wanda ya rufe littafi ranar da ya karɓi takarda yakan yi 'yan shekaru yana tsiyayar da ragowar, daga nan sai gurnani: labarin sanyin Landan, labarin jirgin ƙarƙashin ƙasa, labarin wani farfesa da ya taɓa yaba masa.

Akwai dai abin da bututu bai iya ba. Bai san ya isa ba. Dalilin da ya sa aka zaɓe shi tun farko shi ne don kada a fasa gaɓa, kuma don a iya ƙirga rabon kowa: bututu kaza, na tsawon lokaci kaza, sai a bar wa na gaba. Ba kowa ke da wannan haƙurin ba, akwai masu sa fartanya su sare gaɓar kawai, akwai masu jera bututu su tafi kasuwa. Gonar da aka yi wa haka ruwa ke kwanta mata, saiwa ta ruɓe, a kwana a tashi gishiri ya taso ya yi fari a saman ƙasa, kachalla ta sami gindin zama a magudanai. Na ƙarshen layi kuma yana tsaye shukarsa na yaushi. Wani ɓangare na aikin tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Kadawa ke nan, sanin yaushe za a ba shuka ruwa da kuma nawa. Mai ɗokin dawowa daga waje yakan faɗa wannan ramin da kyakkyawar niyya. Yana so a sati guda ya juye wa ƙauyensu duk abin da ya gani a shekara huɗu, a sauya iri, a sauya taki, a sauya yadda ake rabon gado da yadda ake aurar da 'ya'ya. Mutane su saurara, su gyaɗa kai, abin ya kwanta a sama bai shiga ba.

Manomin kirki ba ya barin wurin. Idonsa na kan goshin ruwan yana bin kwarin kunya, kuma yakan ɗage bututun tun bai kai ƙarshe ba, don ya san wanda ke kan hanya zai ƙarasa. Ya matsa gaba, ya sake nutsawa, ya sake jiran kumfa. In kuwa hira ta ɗauke masa hankali ya wuce lokacinsa, ba sai ya duba agogo ba. Maƙwabcinsa na ƙasa zai taho da fartanya a kafaɗa, tun daga nesa yana cewa, "Malam, mu ma fa shuka muka yi!"