Kama da Wane a Cikin Lambobin Pai

Idan aka raba kewayen da'ira da faɗinta, a kullum amsa ɗaya ake samu, wato pai: 3.14159265… Tun 1761 Johann Lambert ya tabbatar cewa lambobinta ba su ƙarewa, ba kuma su komawa su yi ta maimaita zubi guda. Masu lissafi kan yi farauta a cikinsu, suna neman lamba ƙi-rabo, wadda ba ta rabuwa sai da kanta ko da ɗaya. Idan muka ɗebo daga farko, 3 ƙi-rabo ce, haka 31, haka 314159. Ta gaba sai an kai lambobi 38 a jere.

Mu tsaya a kan 3141. Ba ta rabuwa da 2 ko 5, ido na ganinta zai ce ƙi-rabo ce. Amma 9 sau 349 ke nan. Mai lissafi ba ya yanke hukunci da ido: sai ya raba, in ta rabu ya sake ta.

Mu fa? A Birnin Gwari, inda 'yan bindiga suka shafe shekaru suna fakewa a dazukan Kamuku da Kuyambana, tsoro ya koya mana karanta alamu. Wane ya bi hanyar Kaduna sau uku ba a tare shi ba. Wane ya yi noma lafiya, an kori maƙwabtansa. Sai mu ce biri ya yi kama da mutum, infoma ne. Alhali a cikin dubban matafiya dole a samu wanda ya tsira sau uku, kamar yadda dogon jerin lambobi ba ya rasa abin da zai ja ido.

Za a ce mai lissafi yana da lokaci, mutumin bakin daji kuwa jinkiri na iya cin ransa. Gaskiya ne, kuma akwai masu kai rahoton da gaske. To, zato ya isa mu yi hattara, mu sauya hanya, mu kame baki, mu sanar da hukuma. Bai isa mu ƙona gida ko mu zubar da jini ba. Lambar da aka yi wa kuskure ana sake gwada ta gobe. Wanda aka kashe bisa zato kuwa, marayunsa ne za su tashi a cikinmu, suna tambayar hujjar da muka riƙe.