Ko Ya Halatta Mu Yi wa Shaiɗan Dariya?

Tun 1992, sa'ad da fim ɗin Living in Bondage ya fito da harshen Ibo, labarin ƙungiyar asiri bai rabu da gidajen kallo ba. A cikinsa Andy ya ba da matarsa hadaya domin dukiya, fatalwarta kuwa ta bi shi har ya haukace. Daga baya masu fim suka gauraya tsoro da barkwanci: matsafi yana gudu daga aljanin da shi da kansa ya kira. Samarinmu na Kafanchan suna tambaya ko dariyar nan zunubi ce.

Ba mu ce zunubi ce ba. Iliya ya yi wa annabawan Ba'al ba'a a Dutsen Karmel. 'Ya'ya bakwai na babban firist ɗin nan a Afisa kuwa sun fita da gudu tsirara, wa zai karanta bai murmusa ba?

Damuwarmu tana kan abin da mai kallo yakan kai gida, gama yakan koyi cewa babu arziki sai da jini. Manomin Kwoi ya sayar da cittarsa, ya yi rufin kwano, sai raɗa ta tashi, wai ya shiga asiri. Ɗan maƙwabci ya rasu, sai a dubi tsohuwar unguwa. Mutane da yawa sun zargi fim ɗin End of the Wicked na 1999 da ƙara wa yara ƙazafin maita a Akwa Ibom.

Ku karanta doka ta tara a Fitowa 20:16, ku tattauna: shin raɗa ma shaidar zur ce?