WAƘAR ALLAH DA KUƊIN ATTAJIRI

'Yan'uwa cikin Kristi, akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masu yi wa Allah hidima da baiwarsu. Mutumin da ya yi wa Ubangiji waƙa ran Lahadi, ran Litinin kuma ya yi wa attajiri waƙar biki don a biya shi, zuciyarsa ɗaya ce ko biyu? Bari mu auna wannan tambaya da rayuwar wani makaɗi na bakin Tekun Baltik, Dieterich Buxtehude, wanda ya rasu a 1707.

Shi ɗan ɗarikar Luta ne. Ya fara kaɗa ogan, wato babban abin kiɗan coci mai bututai, a Helsingbog da Helsingo, garuruwa biyu masu fuskantar juna a bakin mashigin teku. A 1668 ya koma Cocin Maryamu ta birnin Lubek a arewacin Jamus, ya zauna nan kusan shekara 40, yana kiɗa, yana kuma riƙe da littafin kuɗin cocin.

Waƙoƙinsa na ibada sun fi ɗari. A 1680 ya tsara Membra Jesu nostri, tunani kashi bakwai a kan jikin Yesu a gicciye, daga ƙafafu har zuwa fuska. Kalmomin sun fito daga wata tsohuwar waƙar Latin ta sufayen Katolika, saboda haka mu ma muna da gado a ciki.

Amma mutumin nan ya yi waƙoƙin auren manyan gari. Kiɗan maraice da ya ɗaukaka sunan Lubek, wanda ake yi a Lahadi biyar kafin Kirsimeti, fatake ne suke biyan kuɗinsa, shi kuma yakan rubuta musu wasiƙun godiya da neman gudummawa. A 1705 ya shirya babban kiɗa biyu, ɗaya na makokin Sarki Leopold na Ɗaya, ɗaya na taya magajinsa Yusufu murna.

Mai zargi zai ce: ina bambancinsa da maroƙi, wanda bakinsa ke bin hannun da ya ba shi? Kada mu yi saurin ture wannan zargi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda abincinsa ke hannun masu kuɗi yakan koyi abin da kunnensu ke so, sannu a hankali har ya manta abin da ya kamata su ji. Wannan haɗari yana bin mawaƙi, yana bin mai wa'azi ma.

Sai dai wani abu ya faru a Lubek da ya ba mu ma'auni. A 1671 Buxtehude ya tsara kiɗan jana'izar Meno Hanneken, shugaban limaman birnin, bisa waƙar da aka gina a kan addu'ar tsoho Saminu a Haikali. Aiki ne na ofishinsa, don babban mutum. A 1674 mahaifinsa Johannes, shi ma makaɗin ogan, ya rasu. Da ɗan ya tashi girmama ubansa, sai ya ɗauko kiɗan nan da ya yi wa Hanneken, ya haɗa da sabuwar waƙar makoki, aka buga su tare. Abin da ya yi wa bare, bai ji kunyar ajiye shi a kan kabarin mahaifinsa ba.

A nan muke ganin amsar. Kuɗi ba ya ƙazantar da aiki don kawai ya shiga hannun ma'aikaci, gama ma'aikaci ya cancanci hakkinsa. Ɓarna tana farawa ran da mutum ya ajiye mudu biyu: cikakke don wanda yake ƙauna ko yake tsoro, ragagge don wanda ba zai gane ba. Haka kuma tana farawa ran da ya yarda ya rera ƙarya saboda an biya. Wanda mudunsa ɗaya ne, ko wa ya biya shi, Ubangijinsa ɗaya ne.

Mu kuma lura da inda kuɗin fataken ya tafi. Kiɗan maraicen nan kyauta ake shigarsa, ɗan dako na iya jin abin da attajiri ya biya. A 1705 saurayi Johann Sebastian Bach ya taka wajen kilomita 400 daga Arnstat don ya saurari tsohon. Dukiyar da ta buɗe wa kowa ƙofa ba ɗaya take da wadda ta sayi yabo ba.

Ba mu da ikon leƙa zuciyar Buxtehude, wannan na Allah ne. Tamu kuwa za mu iya bincika. Mawaƙi, tela, malamin makaranta, mai gini: aikin da muka yi wa baƙo jiya muka karɓi kuɗinsa, da mahaifinmu ne ya sa mu, da haka za mu miƙa masa shi? Allah ya ba mu mudu ɗaya. Amin.