Wasan Cike Gidajen Kalmomi da Haƙƙin Lokacin Aiki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan'uwa Musulmi, an sha tambayarmu game da wasan nan da jaridu ke bugawa a shafin baya, mai gidaje farare da baƙaƙe, inda ake ba mutum ishara ya nemo kalma ya rubuta ta a tsaye ko a kwance. Larabawa na kiransa alkalimatul mutaƙaɗi'a, ƴan lakkol kuma mo-kurwaze. Wani ɗan jarida haifaffen Ingila, Arthur Wynne, shi ya fara buga shi a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba 1913. Yau ya shiga wayar salula tare da ire-irensa kamar Sudoku da Wordle, har akwai waɗanda ba su karya kumallo sai sun warware na ranar.

Wasa ƙwaƙwalwa ba baƙo ba ne a addininmu. Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, tana kama da Musulmi. Suka yi ta lissafa itatuwan daji, shi kuwa Abdullahi ya gane dabino ne, kunya ta hana shi magana a gaban manya. Malamai suka ɗauki wannan hujjar gwada fahimtar almajirai. Ibnu Farhun, malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 799 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum na kacici-kacicin fiƙihu, mai suna Durratul Gawwas. Wanda ya karanta Muƙamatul Hariri a zaure kuwa ya ga jimlolin da ake karantawa gaba da baya ba su sake ba. Saboda haka wasan a kan kansa halal ne, har yakan ƙara wa mutum kalmomi, muddin ba a sa kuɗi don cin kyauta ba. In an sa, ya zama caca.

Inda magana take shi ne lokaci: na wane ne?

Malaman fiƙihu sun raba ɗan ƙwadago gida biyu. Akwai wanda aka ɗauka a kan aiki, kamar tela ko maƙeri. In ya gama ɗinkin a ranar alkawari, sauran yininsa nasa ne. Akwai kuma wanda aka ɗauka a kan lokaci, kamar ma'aikacin biro, da malamin makaranta, da malamin asibiti. Shi wannan sa'o'insa ya sayar, albashi kuwa kuɗinsu ne. To in ya duƙufa neman kalma mai haruffa bakwai, alhali tsohuwar da ta taso daga ƙauye tun asuba tana tsaye bakin taga da takardarta, da me ya bambanta da ɗan kasuwar da Suratul Muɗaffifina ta yi wa narko? Ranar biya yana son mudu a cike, ranar aiki yana aunawa a tauye.

Wani zai ce ai albashin ma ba ya isa. Mun san haka. Ba mu manta shekarun 1990 ba, lokacin da ma'aikatan Nijar suka yi ta share watanni ba a biya su ba. Wanda ya tauye wa ma'aikaci haƙƙi zai amsa a gaban Allah. Amma tsohuwar nan ba ita ta riƙe albashin ba, ita kuwa ake sa wa jira.

Sai dai kada a tsananta inda shari'a ta sassauta. Mai shago da ke zaune babu ciniki, da direban da ke jiran mota ta cika a tasha, da ma'aikacin da ya gama na gabansa ko yake hutun da doka ta ba shi, ba mu ga laifi a kansu ba, kuma hakan ya fi zaman gulma nesa ba kusa ba. Sharaɗin shi ne ya iya ajiye alƙalami da zarar an yi sallama. Na waya ya fi na jarida wuyar ajiyewa, domin yana ƙirga wa mutum kwanakin da ya jera bai fasa ba, don ya ji tsoron yanke lissafi. Wanda ladan ya kira yana cewa "saura kalma ɗaya", har liman ya ɗago daga raka'ar farko, nasa wasan ya riga ya fita daga wanda muka halatta.