Nasihar Juma'a: Ɓarawo Ba Ya Cin Ƙarfe

Yabo da godiya na Allah ne, wanda ya raya mu muka ga wannan Juma'a. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka, ya 'yan'uwa, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da tsoron Allah a kasuwa da gida, a fili da ɓoye.

Duk cikinmu babu wanda bai san yadda fuskar mai tasi ke canzawa ba idan ka tsayar da shi bayan isha'i a Wuse ka ce Gwagwa za ka, ko Karmo, ko Mpape. Wani ya ninka kuɗi, wani ya girgiza kai ya ja motarsa. An kafa wannan birni da dokar soja a 1976, gwamnati ta taso daga Legas ta tare a watan Disambar 1991, aka shimfiɗa Maitama da Asokoro ga masu hali. Mu da ke kawo wa birnin tumatir da albasa da nama, mu da ke ɗauko masa katako da siminti, muka samu kanmu a gefe: Dei-Dei, Zuba, Gwagwa, Karmo, Jiwa, Nyanya, wasu ma sun tsallaka Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara tura da yawa daga cikinmu baya. Ga kwata a ƙofar gida, ruwa sai na 'yan garuwa, wuta ta zo yau ta tafi kwana uku, haya kuwa kowace shekara sai ta hau.

A kan wannan kuma ga tsoro. Ba mu manta da safiyar 14 ga Afrilun 2014 ba, lokacin da bam ya tashi a tashar Nyanya ya kashe mutum sama da 70, yawancinsu masu fita neman abinci ne irinmu. A daren 5 ga Yulin 2022 aka fasa gidan yarin Kuje, fursunoni ɗaruruwa suka tsere. A watan Janairun 2024 masu garkuwa da mutane suka addabi yankin Bwari, suna shiga har cikin gida suna kwashe iyali. Waɗannan su ne manya, su ake faɗa a rediyo. Ƙanana kuwa kullum ne: ƙwacen waya a bakin titi, fasa shago da dare, sace babur a ƙofar masallaci, da motocin nan da ake ce wa wan-cans, ka shiga a matsayin fasinja a yashe ka a jefar a gefen hanya. Allah ya tsare mu.

Zaman lafiya babbar ni'ima ce a wurin Allah. A cikin Suratu Ƙuraish, Allah ya tuna wa mutanen Makka, waɗanda fatake ne kamar mu, ni'imomi biyu da ya yi musu: ciyarwa bayan yunwa, da aminci bayan tsoro. Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya roƙa wa Makka alheri kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aminci ya fara roƙo kafin ya roƙi arziki. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan jerin. Ranar da kasuwa ta hargitse, ko kayanka sun kai na miliyan nawa, rufe shago za ka yi ka gudu.

Gwamnati tana da nata nauyin, kuma Allah zai tambaye ta: hanya, fitila, ruwa, 'yan sanda masu amana, makaranta ga yaranmu. Za mu ci gaba da neman haƙƙinmu ta hanyar da ta dace. Amma yau nasiharmu a kan namu kason ce, domin Bahaushe ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

To jama'a, mu tambayi kanmu tsakani da Allah. Yaron da ya tashi ƙarfe biyu na dare ya ɗage murfin magudanar ruwa a kan titi, ko ya yanke wayar fitilar hanya, ko ya kwance taransifoma, me zai yi da su? Ɓarawo ba ya cin ƙarfe. Ba ya dafa tagulla ya ba 'ya'yansa. Kafin ya fita ya riga ya san sikelin da zai ɗora kayan da safe, ya san wanda zai ƙirga masa kuɗi ba tare da ya ce masa komai ba. Haka mai ƙwacen waya: ya san teburin da za a goge ta a canza mata fuska. Haka ɓarawon babur, haka ɓarawon shanu. Kowace sata tana da kasuwa, kasuwa kuwa a hannun wa take? Kunya ba za ta hana mu faɗa ba: wani ɓangare nata a hannunmu take.

Mun ga abin da ya biyo baya. A watan Janairun 2025 hukumomin Abuja suka hana 'yan bola yawo a cikin birni, suka kuma rufe kasuwannin panteka na mako biyu saboda satar kayan gwamnati. Mutanen kirki da suka shekara ashirin suna sana'ar gwangwan da halal ɗinsu suka zauna a gida ba ciniki, saboda 'yan tsirarun da ba sa tambaya. Sunan da ya ɓaci kuma ba na mutum ɗaya ba ne. A bakin waɗanda ba su san mu ba, duk mai hula da ke tura baro ya zama abin zargi.

Hukuncin a fili yake a wurin malamai. Kayan sata ba ya zama mallakar ɓarawo, saboda haka ba shi da ikon sayar da shi. Wanda ya saya alhali ya sani, ya taya ɓarawo zunubi, kuma kayan na nan a matsayin na mai shi ko ya bi hannu goma. Wani zai ce, "Ai malam ni ban gan shi yana sata ba." Ɗan'uwa, kai ɗan kasuwa ne, ka san farashi fiye da mai wa'azi. Wayar da ka san kuɗinta a kasuwa, yaro ya kawo maka da asuba a kashi ɗaya cikin huɗu, ba kwali, ba rasit, bai ma san lambar buɗe ta ba, yana ta waige-waige. Wallahi zuciyarka ta gaya maka. Ribar da ka ci a nan, ita ce kuɗin da ka biya a gaba don a tare matarka ko ɗanka a lungu gobe. Ramin da aka bari a buɗe a kan titi, ba ya tambayar ɗan wa zai faɗa ciki ranar ruwan sama.

Akwai wata kasuwar kuma da ke ciyar da wannan. Tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, saboda yadda ya lalata matasa. Amma har yau a unguwanninmu akwai mai kemis ko mai tebur da ke miƙa wa yaro ƙwaya a bayan kanta, ya kuma zo sahun farko. Yaron nan idan ya sha ya rasa na gobe, wayar maƙwabci zai duba. Mai sayar masa yana da kaso a duk abin da ya aikata.

Tun kafin aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani ɗan kasuwa baƙo daga Yaman ya kawo kaya Makka, wani babban mutum mai suna Asi bin Wa'il ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Baƙon ya ɗaga murya ya kai kuka. Sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an suka ƙulla alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta a garin, ɗan gari ne ko baƙo, har a mayar masa da haƙƙinsa. Wannan shi ne Hilful Fudul. Manzon Allah ya halarta yana saurayi, kuma bayan zuwan Musulunci ya yaba shi. Ku lura, ba su jira sarki ba. Mutanen kasuwa ne suka ga cewa idan aka bar cuta ta zauna, fatake za su daina zuwa.

Abin da ke hana mu irin wannan, mun san shi. Da yawanmu har yanzu zaman ci-rani muke yi a zuciya, ko da mun shekara talatin a nan. Ginin kirki yana Kano ko Katsina ko Gusau, nan kuwa "ai wurin nema ne kawai". Shi ya sa kwata ta toshe ba mai kulawa, mai gida ya ba da ɗaki haya ga wanda bai san sunansa na gaskiya ba, muddin ya biya shekara. Amma 'ya'yanmu a nan aka haife su, nan suka sani. Haƙƙin maƙwabtaka kuma bai ce sai a garinku ba. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Maƙwabcin nan ya haɗa da Bagwarin da muka tarar a ƙasar kakanninsa, da Inyamurin da shagonsa ke jikin namu, da Bayaraben da muke haya gida ɗaya.

Sai gargaɗi mai nauyi. Kada ƙin sata ya kai mu ga ɗaukar doka a hannu. Ihun "ɓarawo!" ya sha cin ran wanda bai ji ba bai gani ba. A watan Maris na 2025 a Uromi ta jihar Edo, taron jama'a ya kashe matafiya 16, mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida, a kan zargi kawai. Mun yi kuka, mun ce zalunci ne. To abin da muka ƙi a yi wa namu, haramun ne mu yi wa na wani. Mun kuma ga rikicin kasuwar Dei-Dei a watan Mayun 2022, yadda haɗarin babur guda ya zama wuta, aka rasa rayuka, shaguna suka ƙone. Musulunci bai ba taron kan titi ikon yanke hukunci ba. An kama mutum, a miƙa shi ga hukuma da rai da lafiyarsa, a kuma bi sawun maganar.

Ga abin da muke roƙon kowa ya fara daga yau. Mai sayen waya, babur, ƙarfe ko dabba ya tambayi asalin kaya, ya rubuta sunan mai sayarwa da lambarsa, in ya yi shakka ya bari. Shugabannin layi a kasuwa su yarda a tsakaninsu cewa wanda aka samu yana karɓar kayan sata ba za a rufa masa ba. Mai gida ya san ɗan hayarsa, ya kai shi wurin mai unguwa. Wanda Allah ya buɗa wa ya ɗauki yaro ɗaya daga cikin masu zaman banza a layinsa ya koya masa sana'a, in lokaci ya yi ya sallame shi da jari, kamar yadda iyayen gidanmu suka yi mana. Iyaye mata, idan yaro ya shigo da wayar da ba ku saya masa ba, ku tambaya kafin ɗan sanda ya tambaya. Wanda kuma ya san akwai kayan mutane a hannunsa, ƙofar tuba a buɗe take: ya mayar wa mai shi, in bai san shi ba ya zo ya ga liman a asirce a nuna masa yadda zai yi.

Ya Allah ka amintar da mu a gidajenmu da kasuwanninmu. Ka tsarkake dukiyarmu daga haram, ka shirya mana zuriya, ka kuɓutar da waɗanda ke hannun masu garkuwa, ka ji ƙan waɗanda suka riga mu. Ka ba shugabanninmu tsoronka da tausayin talaka. Amin.

Sanarwa: ranar Lahadi bayan sallar isha'i akwai zama a harabar masallaci kan sintirin dare da yashe kwatar layin masallaci. Ana gayyatar masu gidaje, shugabannin kasuwa da matasa. Kowa ya gaya wa maƙwabcinsa, Musulmi ne ko ba Musulmi ba.